Ranar da Jan Layin Ya Koma Kore

A gidanmu ba a kallon ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban manya, in ya faɗi sai ki kawar da kai har wata ta zo ta ɗaga shi. Haka na ga mahaifiyata ta yi da yayana a Katuzu, haka kuma na ƙudura zan yi da aka kawo ni Gashuwa na haifi tawa. Kuma na yi ƙoƙari, Allah ne shaidata. Shekara huɗu ina cewa "waccan yarinyar". Tun da aka yaye ta ta koma ɗakin surukata, wadda duk gidan muke ce wa Iya. Ita ke mata kitso, ita ke mata wanka, kwanonsu ɗaya. Ni nawa satar kallo ne kawai, ina tankaɗe ko ina wanke-wanke, idona yana wajenta ta gefen ɗankwali.

A wannan satar kallon na fara ganin abin.

Tana cikin cin tuwo, loma a hannu, sai ta tsaya. Ba ta faɗuwa, ba ta ihu. Idonta a buɗe, amma babu kowa a cikinsa. Fatar idon tana ɗan rawa, bakin yana motsi kamar mai tsotsar alewa. Can sai ta kai lomar baki kamar ba a yi komai ba. Ba ni da agogo, sai na riƙa auna shi da istigfari a zuciyata. Da farko biyar ne. Daga baya ya zama bakwai, wani lokaci takwas.

Na gaya wa maigidana wata safiya, yana ɗaure tiyon injin ban ruwa a bayan babur zai tafi fadama.

Ya ce, "Tunani take yi."

Na ce, "Malam, 'yar shekara huɗu, tunanin me?"

"Irin naki mana. Wajen wa za ta gado?"

Ya yi dariya ya tayar da babur. Ba mugun mutum ba ne, ban taɓa cewa shi mugu ne ba. Bai gani ba ne kawai, domin sanda yake gida ita tana barci.

Iya kuwa da maganar ta kai kunnenta, kallona ta yi tun daga ƙafa har ka. "Oh ni! Matan yanzu. Ni da nake kwana da ita ban gani ba, sai ke da bai kamata ma ki san launin rigarta ba? Ashe idonki a kanta yake kullum. To Allah ya sawwaƙe rashin kunya." Daga ranar, da na shigo tsakar gida sai matan 'yan'uwan mijina su ce, "Ku matsa, ga mai 'ya." Ana dariya ina yi. Amma a hankali sai na fara zargin idona. Na yi aji huɗu ne kawai a firamare, me na sani? Na fara addu'ar Allah ya sa ni ce ke da matsala a ka.

Akwai wata maƙwabciyarmu nas, a Nguru take aiki, ƙarshen mako take zuwa gida. Na same ta da sunan aron turmi. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta yi dariya ba. Ta ce irin wannan, in an kai yaro yana lafiya ƙalau, likita bakinki kawai zai dogara da shi. Abin da ya fi shi ne in ɗauke ta a waya daidai lokacin da take yi. To wayata ƙarama ce mai maɓallai. Kafin in lalubo inda kyamara take, an gama. Kuma ta yaya zan ɗaga waya in saita 'yar fari a gaban Iya?

Ana haka aka yi bikin ƙanwar maigidana, aka kai ta Nguru. Ranar buɗar kai aka sa wa yara mata anko, aka ba tawa mafici aka tsayar da ita kusa da amarya tana yi mata fifita. Dangin ango sun ɗauko mace mai ɗaukar bidiyo, tunda taron mata ne. Ina can baya cikin mutane, ƙaninta ɗan wata biyar yana goye a bayana, sai na ga maficin ya tsaya a sama. Na fara ƙirga. Na kai goma. Duk ɗakin ido yana kan amarya. Kyamarar ma a kan amarya take, amma yarinyar tana manne da ita.

Kwana shida na yi da wannan kyamarar a raina. Rana ta bakwai Iya ta ce in kai wa amarya kuka da daddawa da bandar kifi, in kuma dubo yadda take. Ban taɓa jin daɗin aike irin wannan ba. Na hau mota da sassafe. Na ajiye kaya, na ci abincin amarya, sannan na ce ta kwatanta min gidan mai bidiyo, ina son ganin ko ankona ya fito da kyau.

Amarya ta ce, "Kai, Anti! Ashe ke ma kina ciki." Ta kwatanta min, bayan tsohon layin dogo.

Na sami mai bidiyon bayan azahar. Ta girme ni da kamar shekara goma, siririya mai tabarau, dangin 'yan kasuwar nan ne da kakanninsu suka zo daga Haɗeja. Ɗakin aikinta ƙarami ne, tebur ɗaya, kujera ɗaya, tabarma, sai batirin sola a kusurwa yana ƙyafta 'yar fitila. Kwamfutar irin ta ninkewa ce, ta ɗora ta a kan murafan kwalba huɗu don iska ta shiga ƙarƙashinta.

Ta ce, "Ƙanwata, bai dahu ba fa. Biki uku ne a gabanku. Naku na dai jera shi."

Na ce, "Ko yaya yake, Anti, in gani."

Ta buɗe. Sama akwai ɗan tagar da hoto ke fitowa. Ƙasa kuma bikin ne gaba ɗaya a shimfiɗe, an yayyanka shi an jera kamar ƙyallayen tela, daga hagu zuwa dama. Wani siririn tsinke yana tsaye a kansu, duk inda ta ja shi sai hoton wajen ya fito a tagar. Ta ja shi ya wuce kamu, ya wuce ɗaukar amarya, na ga kaina na gilma na ɓace. A saman ƙyallayen akwai wani zare mai tsawo. Farkonsa kore ne, ɗan kaɗan. Sauran duk ja.

Ta kai tsinken kan buɗar kai ta danna.

Abin da na gani ban taɓa zatonsa ba. Kowa yana tsayawa. Amarya ta ɗago hannu, hannun ya tsaya a iska, sai kawai ga shi a fuskarta. Wata tsohuwa ta buɗe baki za ta yi guɗa, bakin ya zauna a buɗe, guɗar tana ta tafiya ita kaɗai. Iya da kanta ta ƙame da kwanon turare a hannu, ido a kafe. Ga yarinyata nan da maficinta: ta kaɗa, ta tsaya, ta kaɗa, ta tsaya, daidai da kowa. Ba ta fita daban ba ko kaɗan.

Ban san yadda zan faɗi abin da na ji ba. Na san da idona na ga abin a ranar, na ƙirga goma. Amma ga shi Iya ma ta tsaya, amarya ma ta tsaya. Zuciyata ta ce, tashi ki tafi, kin gani ai, babu komai. Har na fara gyara goyo.

Mai bidiyon ta ce, "Kar ki damu da wannan tsalle-tsallen, ba haka zai fito ba. Kin ga jan layin nan? Duk inda yake ja, ɗanye ne. Na ƙara haske, na gyara launi, na sa furanni a gefe, ga kyamara biyu. Kayan sun yi wa kwamfutar nauyi, ba ta iya ɗauka tana tafiya. Sai na yi masa rendarin, ta zauna ta dafa wajen tukuna, layin ya koma kore, sannan ki gan shi sumul."

Da na yi shiru na fita, da yanzu wani labarin nake bayarwa. Sai na ji bakina ya ce, "A dafa min."

Ta leƙa batirin. "Ba duka ba dai. Yau hadari ya hana rana, wutar nan ba za ta kai mu ko'ina ba. Zaɓi ɗan wuri, minti ɗaya ko biyu. Ina kike?"

Na ce, "Inda ake wa amarya fifita."

"Ke da kika zo ganin anko? Ai ba kya wajen. Kina can baya, kanki kawai ya fito."

Na sunkuyar da kai. Na nuna da leɓe. "Waccan yarinyar."

"Taki ce?"

Na kawar da kai.

"A'a, 'yar fari ce ke nan!" Ta tafa hannu. "Kin hau mota tun daga Gashuwa don ki kalli 'yar fari a ɓoye? Wallahi kin burge ni. Ni ma ta fari ce, tawa uwar har yau 'ke' take ce min."

Ta ɗago tana dariya, ta ga fuskata, dariyar ta tsaya. Ta ja tsinken baya kaɗan, ta sa alama. Ta ja shi gaba, tana kallona, har na ce, "Nan," ta sa alama ta biyu. Abin da ke tsakanin alamun biyu bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Ta danna wani maɓalli, wani ɗan akwati ya fito da sanda a kwance, sandar ta fara cika daga gefe.

Ta tashi ta kashe fankar ɗakin don wutar ta isa. Zafi ya rufe mu. Kwamfutar ta fara huci kamar injin markaɗe daga nesa. A ƙarƙashin sandar akwai lamba, ta karanta min: saura minti shida. Jim kaɗan ta ce sha huɗu. Sannan tara.

"Ƙarya take yi," in ji ta. "Ba ta taɓa faɗar gaskiya ba tun da na saye ta."

Yaron ya farka yana kuka, na sauke shi na ba shi nono. Ita kuma ta yi ta hira don ta ɗauke min hankali. Ta ce duk wahalar nan mata ne suka ja mata, kowa so take a ƙara mata haske. Ta ce akwai uwar amaryar da ta sa aka haska ta har mijinta ya kalli bidiyon ya tambaya wace baƙuwa ce wannan. Na yi murmushi don kar ta ji kunya. Idona yana kan sandar, yana kan fitilar batirin.

Zan faɗi gaskiya tunda na fara. Addu'a nake yi wutar ta ƙare. Ni da na yi wata da watanni ina neman wanda zai gani tare da ni, ina zaune a tabarmar matar nan ina roƙon Allah ya kashe batirin kafin sandar ta cika. Muddin layin yana ja, 'yata kamar kowa take.

Ana kiran la'asar akwatin ya ɓace. Tsakanin alamun nan biyu, zaren ya koma kore.

Ta danna.

Komai ya tafi kamar ruwa. Hayaƙin turare yana tashi a hankali daga kwanon Iya. Guɗa ta dace da bakin mai ita. Amarya ta sunkuyar da kai, ɗan kunnenta yana lilo. Yarinyata tana fifita da hannu biyu, tana cije leɓe don ƙoƙari, kitson da Iya ta yi mata yana sheƙi. Ban taɓa kallonta kai tsaye na tsawon haka ba tun da aka yaye ta. Ashe tana da ɗan tabo a haɓa.

Sai maficin ya tsaya a sama.

Hayaƙi bai tsaya ba. Ɗan kunne bai tsaya ba. Wata mata ta wuce ta bayanta da tire, ta wuce gaba ɗaya. Ita kaɗai ce a tsaye a cikin ɗaki mai motsi, ido a buɗe, fatar idon tana rawa, bakin yana tsotsar abin da babu. Ina ƙirgawa ban san ina yi a fili ba. A na goma maficin ya sauko, ta ci gaba da fifita.

Mai bidiyon ta mayar baya. Ta ƙara girman wajen har fuskar ta cika tagar. Muka sake kallo. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi.

"Sakan goma sha biyu," ta ce a hankali. "Ƙanwata, wannan ba kwamfuta ba ce."

Wata da watanni nake jiran wani ya ce min haka. Da aka faɗa, ji na yi kamar an zare min ƙashin baya.

Ta ce in daure, ɗan yayarta ma ya yi irin haka, an sa shi a magani, yanzu yana makaranta. Ta ce a kai ta asibiti kar a jira. Na ce to ta ba ni wannan wajen in nuna wa likita. Ta ce koren nan na gani ne kawai a cikin kwamfutar, ba abin ɗauka ba ne. In ana son a tura, sai an fitar da shi, wannan kuma wani aikin ne, ga batirin ya fara kuka. Ta ce in ba ta lambar maigidana, gobe in rana ta fito ta fitar ta tura masa.

Na tuna wayar maigidana. Wayar kowa ce. Da ya dawo ƙannensa ke karɓa, matan gida su kalli wa'azi, yara su yi wasa. Na ce a'a. Na fiddo 'yar wayata, na lalubo kyamara, ta sake kunna min, na ɗauka daga fuskar kwamfutar, yaro a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Na duba, na ga alamar yarinya da alamar mafici. Na ce ya isa.

Sannan wani tsoron ya zo, wanda ya fi na farko. Bidiyon biki ba ya zama wuri ɗaya. Zai shiga wayar kowa, daga Nguru har dangin ango na Machina, har 'yan'uwanmu na Dapchi. Mata ba sau ɗaya suke kallo ba; suna tsayarwa, suna mayarwa, suna duba wa ta sa me. Wata za ta gani. Kuma na san sunan da za a kira abin, farfaɗiya, ko da ba ta taɓa faɗuwa ba. Na san wata a Katuzu da aka sa wa wannan sunan muna yara. An ware mata kwano da kofi. In ta zo wasa iyaye su kira 'ya'yansu. Har yau tana gidan ubanta.

Na ce, "Anti, don Allah ki cire wajen daga bidiyon."

Ta ce, "Cirewa ba wuya. Amma ki sani, ba na ajiye ɗanyen aiki, ba ni da wurin. In na gama naku zan goge, ranar Asabar ina da wani bikin. In na cire na goge, shi ke nan fa."

"Ina da shi a wayata."

Ta dube ni, ta dubi wayar. Na ga tana son yin magana. La'asar tana wucewa, motar Gashuwa ba ta jira. Na ce, "Don girman Allah." Ta ɗauko wani ƙyalle daga can gefe, hoton hannun amarya da lalle, ta ɗora shi a kan wajen. Yarinyata ta ɓace a ƙarƙashinsa. Zaren da ke sama ya koma ja. Ba a yi minti ɗaya ba kwamfutar ta mutu.

Washegari da safe, bayan ya sha koko, na miƙa wa maigidana wayar. Na ce ya duba da kyau, wajen maficin. Ya riƙe ta nesa, ya matso da ita kusa. Wasu layuka suna ta gudu a kan hoton, fuskar yarinyar ba ta fi ƙwayar wake ba. Kuma 'yar wayata ba ta iya ɗaukar motsi, tsalle take yi.

Ya ce, "Ina abin yake?"

"Ga shi nan, ta tsaya."

"Wayarki ce ke maƙalewa. Duba, amaryar ma ai ta tsaya. Ga Iya ma." Ya miƙo min. "A kan wannan kike so in ajiye ban ruwa in tafi asibitin Nguru? Bari a yanke shinkafa mu gani."

Na karɓa na duba. Gaskiyarsa ne. Kowa yana tsayawa.

Ranar Asabar na kai wa nas. Ta kalla sau uku ta ce, "'Yar'uwa, ba a ganin komai a nan. Amma ku kai ta haka nan, bakinki ma shaida ne." To wa zai kai ta? Ba a hannuna take ba, a ɗakin Iya take. Na sa amarya ta nemo min lambar mai bidiyon, na kira. Ta ce ta jinkirta kwana biyu ko zan kira, jiya da yamma ta goge.

Bidiyon ya iso mana bayan sati biyu, sumul, kowa fari tas. Aka taru a tsakar gida ana kallo a wayar maigidana. Da aka zo buɗar kai sai ga hannun amarya da lalle, ya daɗe a wajen. Iya ta ce, "Mai hoton nan ta cuce ni. Ina ƙawata da maficinta? Ni na yi mata kitson nan da hannuna." Aka yi dariya. Ina bakin murhu, ban juyo ba.

An yanke shinkafa, an sake shuka wata. Yanzu ƙirgata tana kai sha uku, kuma ba sau ɗaya ba a wuni. Iya ta fara aikenta ɗebo garwashi a maƙwabta, ta ce ta isa koyon aiki.

Makon jiya tana shigowa da garwashin a murfin kwano, a tsakiyar gida, ta tsaya. Murfin ya fara karkata wajen ƙafarta. Ban san sanda na kira sunanta ba, da ƙarfi, karo na farko tun da na haife ta. Iya ta juyo. Matan gida suka juyo. Har mai tallar da ke bakin zaure ta leƙo. Duk ni suke kallo, baki a buɗe. Ita kaɗai ce ba ta juyo ba.

Kafin wani ya waiwaya wajenta, ta gyara riƙon murfin, ta ci gaba da tafiya.

Iya ta ce, "Yau kuma har suna?"